Ragowar kasuwa, cimakar wani: yadda ake tara kayan garka don mabuƙata a Amurka, da abin da ya shafe mu a Nijar

Sharhinmu na wannan mako zai taso daga nesa, amma a gida zai sauka.

A ƙarshen shekarar 2025 an ga abin da mai jin labarin Amurka a rediyo ba zai yi zato ba: dogayen layuka na mutane da motoci suna jiran abinci kyauta. Daga 1 ga Oktoba zuwa 12 ga Nuwamba, kwana 43 cur, ayyukan gwamnatin tarayyar ƙasar suka tsaya saboda 'yan majalisa sun kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi. Kafin lokacin, ba a taɓa yin tsayawa mai tsawon wannan ba a tarihinsu. A cikin rikicin ne kuɗin tallafin abinci na watan Nuwamba suka maƙale, aka yi ta kai ruwa rana a kotu. Wannan tallafi da suke kira SNAP, a lokacin mutum wajen miliyan 42 ne ke dogara da shi, wato kusan mutum ɗaya cikin takwas na al'ummar ƙasar. Da kuɗin suka yi jinkiri, sai jama'a suka kwarara zuwa wuraren da ake kira bankunan abinci.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da waɗannan bankuna ke samun kaya ita ce bin kasuwannin manoma ana karɓar ragowar ɗanyen kayan garka: tumatir, salati, shu, karoti, albasa, kabewa da 'ya'yan itace. Wannan dabara muke son mu duba yau. Yaya take aiki? Ina ƙarfinta ya tsaya? Kuma mu da tumatir ke ruɓe mana a kasuwa cikin sanyi, yara kuma na rama cikin damina, me za mu ɗauka, me za mu bari?

Mene ne bankin abinci?

Kada sunan ya ruɗe mu. A nan gida mun san bankin cimaka, inda ƙauye ke sayen hatsi da kaka a ajiye a mangaza, a sayar da rahusa ko a ba da bashi idan rumbuna sun ƙare. Bankin abinci na Amurka daban yake. Babban ɗakin ajiya ne da ke karɓar abincin da kantuna, masana'antu da manoma ba su sayar ba, sannan ya rarraba wa ƙananan wuraren rabo: coci-coci, masallatai, makarantu da gidajen dafa wa marasa galihu. Ba bashi, ba saye. Kyauta ake bayarwa.

Na farko an buɗe shi a 1967 a birnin Phoenix na jihar Arizona. Wani mutum mai suna John van Hengel ne ya kafa shi da taimakon cocin St. Mary's, bayan ya haɗu da wata mata mai 'ya'ya da yawa da ke tsinto abinci mai kyau a kwandon sharar kantuna. Ita ce ta ba shi shawarar a samu wurin da mai rara zai ajiye, mai buƙata ya zo ya ɗauka, kamar yadda ake yi da kuɗi a banki. Yau ƙungiyar Feeding America ta haɗa bankuna kusan 200 da wuraren rabo wajen 60,000. Faransa ta buɗe nata na farko a 1984 a kusa da Paris. A nahiyarmu ma akwai su a Masar, Afirka ta Kudu, Kenya, Gana da Legas.

Shekaru da yawa abin da bankunan ke rabawa galibi abincin gwangwani ne da taliya da busassun kaya, don su ne ba sa lalacewa. Sai likitoci suka fara nuna cewa talakan Amurka cikinsa na cika amma jikinsa na cutuwa: ciwon suga, hawan jini da ƙiba sun fi yawa a unguwannin matalauta, inda ɗanyen ganye ke da tsada ko ma babu shi kusa. Daga nan hankali ya koma kan kayan garka.

Yadda ake tara kayan a kasuwa

Kasuwar manoma a Amurka ta yi kama da kasuwar ƙauyenmu mai ci mako-mako. Manomi ya ɗauko abin da ya noma, ya kafa rumfa a wani fili cikin gari, ya sayar da hannunsa ba dillali, da azahar a watse. A 1994 ma'aikatar noman ƙasar ta ƙirga irin waɗannan kasuwanni 1,755. Yanzu sun haura 8,000.

Matsalar manomin can ita ce ta manomin Jiratawa ko Mirya: idan kasuwa ta tashi da sauran salati a gabansa, ba zai kai mako mai zuwa ba. Ko ya koma da shi gona ya zama taki, ko ya zubar.

A Los Angeles ta jihar Kalifoniya, ƙungiyar Food Forward, wadda aka kafa a 2009 don tsinko lemun da ke zuba a gidajen mutane, ta fara bin kasuwannin manoma a 2012. Tsarin ba shi da wuya. Masu aikin sa kai su zo kafin kasuwa ta watse, su bi rumfa-rumfa suna raba kwalaye babu kome ciki. Manomin da ke da abin bayarwa ya zuba, wanda ba ya da shi ba a matsa masa. Da an tashi, a tattaro kwalayen, a aza a sikeli, a rubuta sunan gonar da nauyin abin da ta bayar. Motocin wuraren rabo na nan tsaye suna jira. Cikin 'yan sa'o'i kayan sun bar kasuwa, galibi kafin kwana biyu sun shiga tukunya. A New York ma ƙungiyar City Harvest, da ke aiki tun 1982, haka take yi da kasuwannin manoman birnin. A wasu wurare kuma tebur ake kafawa a ƙofar kasuwa, mai cefane ya sayi biyu, ya tafi da ɗaya gida ya ajiye ɗaya a kwando. Wannan ta fi yi wa manomi daɗi, don an biya shi kuɗin kayansa.

Kun ga a nan alheri kaɗai bai isa ba. Abu huɗu ne ke riƙe da aikin: lokaci tsayayye, sikeli da littafi, abin ɗaukar kaya, da sanin bakin da zai ci kafin a karɓo. In ɗaya ya faɗi, an kwashe shara ke nan daga kasuwa an kai ta wani wuri.

Akwai kuma doka a bayansa. A 1996 Amurka ta yi dokar da ke kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya, ta yadda ba za a kai shi kotu ba idan wani ya ci ya samu matsala, sai fa in sakaci ne babba ko ganganci. Ana kuma rage wa mai bayarwa haraji. A jihar New York, a 2018 aka fara ba manomi rangwamen kashi 25 cikin 100 na darajar abin da ya bayar, har zuwa dalar Amurka 5,000 a shekara. Amfanin sikelin da takardar shaidar ke nan. Faransa ta bi ta wata hanyar: dokar Fabrairun 2016 ta hana manyan kantuna lalata abincin da ake iya ci, ta tilasta wa waɗanda girmansu ya wuce murabba'in mita 400 su ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin agaji. A birnin Lille kuwa, tun 2010 wata ƙungiya mai suna La Tente des Glaneurs ke tara ragowar kasuwar Wazemmes ranar Lahadi, ta tsince mai kyau, ta jera a rumfa kamar na sayarwa, kowa ya zo ya ɗauka ba a tambayarsa takarda. Sun yi haka ne don kada mutum ya riƙa tonon shara a gaban jama'a.

Inda ƙarfin dabarar ya tsaya

To, in abin na tafiya haka, me ya kawo dogayen layukan? Amsar tana cikin lissafi.

Feeding America da kanta ta sha faɗin cewa duk cin abinci ɗaya da bankunanta suka bayar, tallafin SNAP na gwamnati na ba da tara. A 2025 SNAP na cin wajen dalar Amurka biliyan 8 a wata, kowane mutum na samun kimanin dalar Amurka 187, wato jika ɗari da 'yan kai a kuɗinmu na sefa. Ragowar kasuwannin manoma kuwa ɗan ƙaramin kaso ne a cikin ɗayan nan da bankuna ke bayarwa. Ko Food Forward ɗin, mafi yawan kayanta daga babbar kasuwar 'yan sari take samo su, inda ake maganar tireloli.

Sannan a 2025 gwamnatin Donald Trump ta rage hannu ta ɓangarori da dama. A watan Maris ma'aikatar noma ta soke shirye-shirye biyu na sama da dalar Amurka biliyan ɗaya: miliyan 660 na sayen amfanin gonar ƙananan manoma don makarantu, da miliyan 420 na saye don bankunan abinci. Ta kuma dakatar da kayan abinci na wajen miliyan 500 da aka tsara kai wa bankunan. Ranar 4 ga Yuli aka sa hannu kan dokar da ofishin kasafin majalisa ya ƙiyasta za ta zabtare kusan biliyan 186 daga SNAP zuwa 2034. Dokar ta ɗaga shekarun waɗanda dole su nuna suna aiki kafin a ba su tallafi zuwa 64, ta kuma cire 'yan gudun hijira da masu mafakar da ba su samu takardar zama ta dindindin ba. A watan Satumba ma'aikatar ta ce ta daina fitar da rahoton shekara-shekara kan yunwa a gidaje. Rahoton shekarar 2023 ya nuna mutum miliyan 47 ne ke zaune a gidajen da abinci ba ya wadatar su.

Ku lura da abin da ya faru da ƙaramin manomi a nan. Jiya gwamnati na sayen kayansa da kuɗi ta ba mabuƙata, ya ƙara fili, ya ɗauki ma'aikata saboda ya san yana da mai saye. Yau an soke cinikin, kuma shi ɗin ne ake miƙa wa kwali a ƙarshen kasuwa ana roƙon ya zuba kyauta. Mai raba kwalin niyyarsa kyakkyawa ce, manomin ma yana bayarwa da zuciya ɗaya. Amma nauyin da hukuma ta sauke ya fi ƙarfin kafaɗarsu su biyun. Tara ragowar kasuwa magani ne na ɓarna, yana kuma sa ganye a tukunyar talaka. Maganin yunwar ƙasa guda kuwa yana hannun masu kasafin kuɗi.

Ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu ta hanya uku.

Ta farko, 'yan uwanmu. Akwai 'yan Nijar da yawa a New York, Greensboro, Harrisburg da wasu birane, masu tuƙin taksi, masu aikin masana'anta, masu kitso, ɗalibai. Marar takarda dama can ba ya samun SNAP, mai takardar zama ma galibi sai ya shekara biyar. Idan abinci ya yi tsada can, abin da ake aikowa gida ne ke fara raguwa. Don haka iyayenmu na ƙauye, in yaro ya ce wannan watan da wuya, a yi masa uzuri da addu'a. Ku kuma na can, yawancin wuraren rabo ba sa tambayar takardar zama, kuma akwai na Musulmi, irin na ƙungiyar ICNA Relief. Ɗanyen kayan garka ba shi da shakkun halal irin na gwangwani. Wanda ya shiga matsi ya je ya karɓa ba abin kunya ba ne. Wanda Allah ya hore wa kuma ya ba da sa'a biyu ranar Asabar ya ɗauki kwali, sadaka ce.

Ta biyu, hannun da ya rage tallafin cikin gida shi ne ya rufe hukumar USAID a 2025. Kusan rabin kuɗin da hukumar abinci ta duniya, PAM, ta samu a 2024 daga Amurka suka fito, kuma PAM ta sanar da cewa kuɗinta sun ragu da kusan kashi 40 cikin 100 a 2025. Ita ce ke riƙe da abincin makarantu da yawa da tallafin 'yan gudun hijira a ƙasarmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ƙasar da aka ƙiyasta mutum miliyan 4.4 sun shiga matsin cimaka a daminar 2022, miliyan 3.4 a ta 2024, dole ta sake duba abin da ke zubewa a hannunta.

Ta uku ita ce ɓarnar kanta. Wani binciken hukumar FAO na 2011 ya ƙiyasta kashi ɗaya cikin uku na abincin duniya na salwanta, na kayan garka da 'ya'yan itace kuwa ya kusa rabi. Amma inda asarar ke faruwa ya bambanta. A Turai da Arewacin Amurka mutum ɗaya na zubar da kilo 95 zuwa 115 a shekara a gidansa. A Afirka kudu da Sahara kilo 6 zuwa 11 ne kawai. Mu ba a kwano muke ɓarna ba. Tamu asarar tsakanin garka da kasuwa take: a kwandon da aka danne cikin kamyo, a rana, a rudun albasa da ruwa ya shiga, a kan iyakar da aka rufe mota na tsaye kwana da kwanaki. Tun da aka ƙarfafa noman rani bayan farin 1984, garake sun yawaita daga Galmi da Madawa zuwa Tabalak, daga Gulbin Maraɗi zuwa Gidimuni da Matamaye. Noman ya ci gaba, ajiya ce ta tsaya wuri ɗaya. Kowa ya san yadda kwandon tumatir ke faɗuwa warwas a Janairu da Fabrairu, ya kuma san kuɗinsa a watan Yuni. Duk wannan a ƙasar da kusan rabin yara 'yan ƙasa da shekara biyar ba sa girma yadda ya kamata, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi tsanani.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Kada wani ya ce Turawa ne za su koya mana bayarwa. Muna da kala: bayan an yi girbi, mata da yara da tsofaffi su shiga gona su tsinci abin da ya rage, mai gona ba ya hanawa. Muna da roron gyaɗa. Muna da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma ga noman damina, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka shayar da wahala da kuɗi. Muna da sadakar Juma'a da ciyayya tsakanin maƙwabta.

Sai dai akwai wani gurbi da ya kamata malamanmu su taya mu dubawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda yake a Risala, ba a fitar da zakka daga ɗanyen ganye da kayan marmari irin tumatir, albasa da kabewa. Imam Abu Hanifa ne ke ganin ana fitarwa daga duk abin da ƙasa ta tsirar. Ma'ana, hatsi na da tsari: an san nisabi, an san rana, an san masu karɓa. Kayan garka kuwa an bar su ga sadakar ganin dama. Mai garka na bayarwa, amma ga wanda ya gifta a lokacin. Gidan marayu, masu jinya a asibiti, gidan kaso da makarantar allo da ke nesa da kasuwa ba su san an zubar da kwando goma da magariba ba. Abin da za mu iya ara daga Los Angeles da Lille shi ne tsarin: lokaci, sikeli, amalanke, da jerin masu karɓa.

Tarko uku da ya kamata a kauce wa

Na farko, ragowar kasuwarmu tana da masu ita. Ku je Katako ko Jemaje a Yamai, Kadro a Maraɗi, Dole a Damagaram da la'asar. Fasasshen tumatir mata masu tuwon sayarwa ke saye da araha. Ganyen shu da ya yi yaushi mai kiwon tumaki ke kwasa. Almajirai da tsofaffi na tsintar na ƙasa. Yarinyar da ke kasa kashi-kashi a bakin hanya, jarinta ke nan. Ƙungiyar da za ta zo da mota da riguna iri ɗaya ta kwashe duk wannan ta kai wani wuri, ta cire daga bakin talaka ta sa a bakin talaka, ta ɗauki hoto. Dole a fara da tambayar su waye ke ci daga nan, a sa su cikin tsarin, a nufi abin da da gaske juji yake tafiya.

Na biyu, manominmu shi kansa mabuƙaci ne. Bashin taki da na man injin ban ruwa na wuyansa, kuma rangwamen haraji irin na New York ba zai amfane shi ba, don ba irin wannan harajin yake biya ba. Roƙonsa kyauta a ranar da farashi ya karye ƙara masa ciwo ne. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a saya a hannunsa, ko da a farashi mai sauƙi, da kuɗin masu hali, 'yan kasuwa da 'yan ƙetare. Manyan dillalai da 'yan sari su ne za a roƙa kyauta. Ma'aikatar magajin gari kuma na iya yafe tikitin kasuwa na ranar ga wanda ya bayar. Darasin Amurka na 2025 ke nan: shirin da ke biyan manomi ya fi kwalin roƙo ƙarfi, kuma da aka soke shi kowa ya ji a jikinsa.

Na uku, kuma shi ne babba: lokacin rara daban, lokacin yunwa daban. A Amurka kasuwar manoma na ci ne a ranar da mabuƙaci ke layi, ga firji, ga mota mai sanyi. Mu kuwa kayan garka na cika kasuwa daga Disamba zuwa Maris, matsin cimaka na tsananta daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. Tumatir ba zai jira wata biyar ba. Saboda haka bankin abincin da zai yi mana aiki sai ya zama rabi rabo, rabi shanya. Abin da za a ci yau a kai yau. Sauran a yanka a shanya: kauɗar tumatir, busasshiyar kuɓewa, gabu na ganyen albasa, garin tattasai, busasshen zogale da shu. Iyayenmu mata sun iya wannan tun kaka da kakanni, rana kuma ba mu saye. Abin da ya rage shi ne tsabta: a shanya a kan raga ko tabarma a bisa, nesa da ƙura da awaki, a adana cikin buhu ko bokiti mai murfi. Don 'yan kwanaki kuwa akwai dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda malamin makaranta Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. A busasshen yanayi irin namu tana riƙe tumatir da yalo mako biyu zuwa uku ba lantarki.

Daga ina za a fara?

Ba sai an jira wata ƙungiyar waje ba. Kasuwa ɗaya, rana ɗaya a mako, wata uku na sanyi sun isa gwaji. Sarkin kasuwa da shugaban 'yan kayan miya su ware rumfa guda. Matasan unguwa su bi da kwanduna kafin la'asar, tun kaya ba su gama laushi ba. A auna, a rubuta, a karanta lissafin a fili, mu ma a nan gidan rediyo a shirye muke mu karanta shi kowane mako. Ruɓaɓɓe a ware shi ga dabbobi ko taki, don abin da ba za ka ba ɗanka ba bai kamata a kai wa maraya ba. Shanya da ajiya a danƙa wa ƙungiyoyin mata irin Mata Masu Dubara, waɗanda suka faro a jihar Maraɗi tun 1991 kuma suka nuna sun iya riƙon asusu, a biya su ladan aikinsu da wani kaso na kayan. Ƙungiyoyin 'yan gari mazauna ƙetare, maimakon buhun shinkafa na azumi kaɗai, su ware wani abu don sayen kwanduna a lokacin araha, da raga, da kuɗin amalanke.

A kuma tuna da abin da ya kashe bankunan cimaka da yawa a ƙauyukanmu: bashin da ba a biya ba, mabuɗi a hannun mutum ɗaya, littafin da ba mai gani, rabo ta fuskar dangi ko jam'iyya. Ɗanyen kaya ma ya fi hatsi saurin tona asiri, don shi kwana biyu yake ba ka.

Sannan kada wannan ya zama hujjar da hukuma za ta naɗe hannu. Sayar da hatsi da rahusa ta hannun OPVN, rabon kyauta ga mafi rauni, abincin makarantu, hanyoyin karkara, ɗakunan ajiyar albasa da buɗe hanyoyin fitar da kaya, waɗannan aikin gwamnati ne, kuma su ne taran nan da muka ambata. Kwandon kasuwa shi ne ɗayan. Amurka mai arzikin duniya ta gwada rage taran, ta ga layin da ya biyo baya.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke son miyar watan Yuli ta yi ja, a Fabrairu zai shanya tumatir. Muna son jin ta bakinku, musamman masu garka, 'yan kasuwa da iyayenmu mata: a kasuwarku, me ake zubarwa, kwando nawa, kuma wa ke kwasa? Malamai kuma su faɗa mana yadda suke ganin za a tsara sadakar kayan garka. 'Yan uwa na Amurka, Faransa da Beljiyam da suka taɓa aikin sa kai a irin waɗannan wurare, ku aiko da saƙon murya, za mu sa a shirinmu na gaba. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, ya sa mu ga ƙarshen yunwa a ƙasarmu. Sai mun ji daga gare ku.